Jigo

jigo (suna, namiji, jam'i: jigogi)

1. Doguwar sandar da masu noman rani ke kafawa a bakin rijiya ko kogi, guga a wannan kai, curin laka a wancan, suna jan ruwa suna shayar da lambu.

2. Babban mutumin da jama'a ta dogara da shi, kamar jigon jam'iyya.

3. A nazarin adabi, saƙon da marubuci ya ɗora labarinsa a kai, wato manufar da zubi, salo da taurari duk suke yi wa hidima. Jigon Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa bauta ce da yadda take raba uwa da ɗanta, har uwar ta keta Sahara tana nemansa. Na Ganɗoki na Bello Kagara kuwa jarumtaka ce. Littafi ɗaya yakan ɗauki babban jigo da ƙanana. Ɗalibai da yawa, abin takaici, in aka tambaye su jigo sai su taƙaita labarin daga farko zuwa ƙarshe, alhali jigon yakan fito a jimla ɗaya. Bin sawunsa cikin labari da kawo hujjoji shi ake kira warwarar jigo.