Filawil: Faifan Ƙarfen da Ke Yanke Hukunci Idan an Sauya wa Tsohuwar Mota Inji

Duk wanda ya taɓa ganin hotunan birnin Habana ya san manyan motocin nan ƙirar Chevrolet, Ford, Buick da Plymouth na shekarun 1950 da ke yawo a titunansa. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne da yawa daga cikinsu sun daɗe da rabuwa da injinansu na asali. A cikin gangar jikin da aka ƙera a Amurka, sau da yawa injin dizal ne na Toyota, Hyundai, Mercedes-Benz ko Perkins ke aiki, wasu kuma injin Volga ne na tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Nasarar irin wannan dashe ta rataya ne a kan wani faifan ƙarfe mai nauyi da ke ɓoye tsakanin inji da giya, wanda makanikai ke kira filawil.

Siyasar da ta tilasta dashen inji

Juyin juya halin da Fidel Castro ya jagoranta ya yi nasara a watan Janairun 1959. A watan Oktoban 1960 gwamnatin Shugaba Eisenhower ta hana fitar da akasarin kayayyakin Amurka zuwa Kyuba, sannan Shugaba Kennedy ya faɗaɗa takunkumin a watan Fabrairun 1962. Daga nan kayan gyaran motocin Amurka suka yanke. A ɓangarenta, gwamnatin Kyuba ta riƙe ikon shigo da sababbin motoci da rabon su. Har zuwa 2011, motocin da suka shigo kafin juyin juya hali ne kaɗai ɗan ƙasa ke da 'yancin saye da sayarwa. Da aka buɗe cinikin sababbin motoci a farkon 2014, an sa wa Peugeot 508 farashin da ya haura dala 260,000 a shagon gwamnati.

Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Tsohuwar mota ta zama jari, kuma a Habana ta zama motar haya da talaka ke dogaro da ita. Idan injinta ya mutu, mafita ita ce a nemo wani daga duk inda ya samu, kuma an fi son na dizal saboda ya fi tsimin mai. Sai dai wannan inji da giyar da zai tarar a motar ba masana'anta ɗaya ta ƙera su ba, kuma filawil ne mahaɗarsu.

Ayyukan filawil uku

Filawil faifai ne da ake ɗaurewa da notoci a ƙarshen karanshaf. Aikinsa na farko shi ne adana ƙarfin juyi. A injin mota, kowace silinda tana kama wuta ne sau ɗaya a cikin zagaye biyu na karanshaf, don haka ƙarfi yana zuwa ne bugu-bugu. Nauyin faifan ke tara wannan ƙarfi ya sake shi a hankali, juyin ya zama santsi. Aiki na biyu, fuskarsa ce farantin kuloci ke kamawa don miƙa ƙarfi ga giya. Na uku, a bakinsa akwai zobe mai haƙora da kik ke kamawa lokacin tayar da mota.

Injin dizal yana matse iska ninki 16 zuwa 22, alhali injin fetur na tsakiyar shekarun 1950 bai cika wuce ninki bakwai ko takwas ba. Bugun dizal ya fi tsanani, shi ya sa yake buƙatar faifai mai nauyi. Saboda haka ƙa'idar farko ita ce filawil yana bin inji, farantin kuloci kuma yana bin sandar giya.

Gyare-gyaren da ake yi

Matakin farko shi ne haɗa bayan inji da kwandon giya. Tunda ramukansu ba su dace ba, ana yanka farantin ƙarfe mai kauri da zai shiga tsakani. Wajibi ne tsakiyar karanshaf da tsakiyar sandar giya su hau layi ɗaya, kuma kuskuren da aka saba yarda da shi bai wuce milimita 0.13 ba. Kaurin wannan faranti yana ja da giya baya, don haka sai a sake auna ko bakin sandar giya zai kai ga ɗan boris ɗin da ke tsakiyar karanshaf. Idan bai kai ba, ko kaurinsu ya bambanta, a sassaƙa sabon mazauni.

Na biyu shi ne batun kik. Yawan haƙoran zobe da faɗin faifai dole su dace da wurin da kik ke zaune. Ƙaramin injin V8 na Chevrolet, wanda ya fara fitowa a 1955, misali ne sananne. Yana da faifai mai haƙora 153 da mai haƙora 168, na farko faɗinsa inci 12.75, na biyu inci 14, kuma kowanne da irin kik ɗinsa. Idan ana son sauya zobe, ana ɗumama sabon ya ɗan buɗe, a zura shi, ya huce ya kama gam. Wutar da ta wuce kima tana kashe ƙwarin haƙoran.

Na uku, akan huda sababbin ramuka a fuskar faifai don murfin kulocin da aka zaɓa, sannan a goge fuskar ta yi sumul. Wasu faifan suna da tudu ko kwari a inda murfin ke zama. Idan aka goge fuska aka bar mazaunin murfi yadda yake, ƙarfin matsin kuloci zai canja.

Na huɗu shi ne rage nauyi, wanda masu son inji ya riƙa tashi da sauri ke yi. Ƙarfen da ke can bakin faifai ya fi tasiri, domin giram ɗaya a nisan santimita 14 daga tsakiya yana adana ƙarfin juyi ninki huɗu na giram ɗaya a santimita 7. Ga motar haya mai ɗaukar mutum shida da kaya, rage nauyi asara ce, domin za ta riƙa mutuwa wajen tashi. Akwai kuma haɗari: ƙarfen zubi yana da gautsi, kuma faifan da aka sassaƙe ya yi siriri, ko wanda zafi ya tsattsage fuskarsa, yana iya tarwatsewa yana tsaka da gudu. Wurin da yake juyawa yana dab da ƙafafun direba. Dalilin da ya sa ke nan masu shirya tseren motoci a Amurka ke wajabta faifai da kwandon kariya masu shaidar cibiyar SFI a azuzuwan motoci masu ƙarfi.

Sababbin injinan dizal da yawa suna zuwa da faifai mai ɓari biyu da aka haɗa da sifirin, wanda aka fara sa wa motoci a tsakiyar shekarun 1980. Irin wannan ba a saba huda shi ko sassaƙa shi ba. Akan musanya shi da na ƙarfe guda, a haɗa da farantin kuloci mai sifirin.

Me ya sa ake daidaita nauyi

Duk ramin da aka huda da duk ƙarfen da aka cire suna kawar da tsakiyar nauyin faifai daga tsakiyar juyinsa. Ƙarfin fizgar da hakan ke haifarwa yana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudun inji ya ninka biyu. Giram 10 da ya yi rinjaye a nisan santimita 15 daga tsakiya yana fizgar karanshaf da ƙarfin kusan kilo 15 idan inji na zagaye 3,000 a minti, kuma fizgar tana kewaya sau 50 a kowace daƙiƙa. A zagaye 6,000 ta kai kilo 60. Abin da ke biyo baya shi ne jijjiga, cinyewar boris ɗin baya na karanshaf, yoyon baƙin mai, kwancewar notoci, wani lokaci har karyewar karanshaf ɗin kansa.

Ƙa'idar ISO ta daidaita abubuwa masu juyawa ta sa filawil a mataki na G 6.3. Ga faifai mai kilo 15 da ke zagaye 3,000 a minti, hakan na nufin rinjayen da aka yarda da shi bai wuce giram biyu a bakinsa ba.

Tarkon injinan da aka daidaita daga waje

Akwai injinan da duk ma'aunin nauyinsu ke jikin karanshaf, don haka faifansu ba ya rinjaya ta kowane ɓangare. Akwai kuma waɗanda masana'anta ta ɗora wani kaso na ma'aunin a kan filawil da gangan. Idan aka cire shi daga inji sai a ga ya karkata, amma a jikin injinsa daidai yake.

A nan ne masu gyara suka fi faɗawa rami, domin faifai na iya shiga daram, notoci su ɗauru, amma nauyin ya saɓa. Injin Ford 302 ya yi amfani da rinjayen da ya yi daidai da kusan giram 134 a nisan santimita 15 har zuwa 1980, daga 1981 aka mayar da shi kusan giram 240. Ramukan notocinsu iri ɗaya ne. Wanda ya musanya su ya jefa wa injinsa fizgar kusan kilo 160 a zagaye 3,000. Haka Chevrolet 400 na shekarun 1970 yana buƙatar faifai mai rinjaye, alhali 350 na zamaninsa ba ya buƙata, duk da cewa na ɗaya yana shiga ɗaya.

Yadda ake daidaitawa

Hanya mafi sauƙi ita ce a zura faifai a kan miƙaƙƙiyar sanda, a ɗora sandar a kan kaifin ƙarafa biyu da aka daidaita su kwance. Ɓangaren da ya fi nauyi zai gangaro ƙasa. A riƙa manna ɗan nauyi a ɓangaren sama har faifai ya tsaya a duk inda aka bar shi, sannan a auna abin da aka manna, a cire kwatankwacinsa daga ɓangare mai nauyi ta hanyar huda ƙananan ramuka marasa zurfi kusa da baki. Tunda filawil faifai ne marar kauri sosai, wannan hanya tana kawar da akasarin matsalar, kuma ita ce ta fi dacewa da garejin da ba shi da na'ura. Na'urar da ke juya faifai tana auna jijjiga ta fi ta daidaito, domin tana nuna yawan giram da ainihin kusurwar da za a huda.

Ga injin da aka daidaita daga waje, akan haɗa tsohon faifai da sabon a kan sanda ɗaya, a juya ɗaya rabin zagaye, a gyara sabon har su biyun su daina rinjaya. Bayan faifai, ana ɗaura murfin kuloci a sake gwadawa, a yi musu alamar fenti don kada a sauya zamansu. Daga ƙarshe a tsaftace bakin karanshaf, a sa notocin da aka ƙera don wannan aiki, a ɗaure su bi da bi ta fuskoki masu kallon juna da ma'aunin ƙarfin ɗauri, sannan a auna ko fuskar faifai tana rawa idan an juya shi.

Daidaita filawil yana da iyaka. Injin silinda shida a jere, irin wanda ke cikin Chevrolet da yawa na shekarun 1950, yana da santsi tun daga tsarinsa. Na silinda huɗu a jere yana da wata jijjiga da ke fitowa daga kai-komon fistin, wadda babu gyaran faifan da zai kawar da ita. Maganinta robobin zaman inji masu kyau ne. Shi ya sa fasinjan da ya hau motar haya mai injin dizal a Habana kan ji kujera na rawa ko da aikin ya yi kyau. Gwanin makaniki yana bambance wannan rawa da ta faifan da ya karkata, wadda ke ƙaruwa sosai da zarar an taka totur, ko da mota na tsaye ba ta cikin giya.