Wa Ke Ɗaukar Nauyin Sulhu? Waiwaye a Kan Tarihin Hakamai Biyu

Gabatarwa

Idan aure ya kai gargara, tambayar da malamai suka fi mayar da hankali a kanta ita ce: wa ke da ikon rabawa? Akwai kuma wata da ba ta cika samun kulawa ba, wato wa ke biyan abin da sulhu ke ci na lokaci da tafiya da dukiya? Wannan maƙala ta bi sawun tambayar a tarihi, domin ta nuna cewa sulhu bai taɓa kasancewa marar tsada ba. Shari'a ta ɗora nauyinsa ne a kan dangi da baitulmali, kuma duk lokacin da waɗannan biyu suka janye, nauyin yakan faɗo a kan mai rauni daga cikin ma'auratan.

Zamanin Sahabbai

Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da cewa idan aka ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata, a tura hakami ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Masu tafsiri sun ce hikimar zaɓen dangi ita ce sun fi sanin sirrin gidan. Akwai wata fa'ida kuma: ɗan'uwa ba ɗan ƙwadago ba ne, zumunci ne ke tayar da shi.

An ruwaito cewa da saɓani ya tsananta tsakanin Aƙilu ɗan Abu Ɗalib da matarsa Faɗima 'yar Utba, Halifa Usman (RA) ya tura Abdullahi ɗan Abbas daga ɓangaren miji, da Mu'awiya daga ɓangaren mata. Ɗan Abbas ya karkata ga rabawa, Mu'awiya kuwa ya ƙi ya raba dattawa biyu daga zuriyar Abdu Manaf. Da suka isa, sai suka tarar ma'auratan sun shirya. A wannan ƙissa hukuma ce ta naɗa, dangi suka yi tattaki.

Game da dukiya kuwa, hadisin Ƙabisa ɗan Mukhariƙ da ke cikin Sahihu Muslim ya halatta roƙo ga wanda ya ɗauki bashi domin sasanta mutane, har ya biya. Shafi'awa da Hambalawa sun tafi a kan cewa ana ba irin wannan mutum zakka ko da mawadaci ne. Asalin mas'alar rikicin jama'a ne, amma ƙa'idarta a fili take: kuɗin sulhu haƙƙi ne a wuyan al'umma.

Mazhabar Malikiyya

Malikawa sun ɗauki hakamai biyu a matsayin masu yanke hukunci, saɓanin Hanafawa da suka ɗauke su wakilai kawai. Suna iya raba auren da saki ɗaya ba'ini ko da miji bai yarda ba. Idan cutarwar daga miji take, su raba ba tare da fansa ba. Idan daga mace take, suna iya rabawa da hul'i. Idan ba a samu dangin da suka cancanta ba, an so a naɗa maƙwabta. Haka kuma idan mace ta biya fansa, daga baya aka tabbatar cutarwa ce ta tilasta ta, ana mayar mata da dukiyarta. Ke nan binciken hakamai shi ne ke tantance wanda zai yi asarar sadaki.

Alƙalin da ke naɗa su kuwa, daga baitulmali ake ciyar da shi. Imam Ƙarafi (ya rasu 684 BH) ya bambanta a cikin Al-Furuƙ tsakanin abin da shugaba ke bayarwa domin maslahar jama'a da ladan ƙwadago, ya sanya abin da alƙali ke karɓa a kashi na farko.

Sai dai kyawun tsari bai hana a yi watsi da shi ba. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi (ya rasu 543 BH) ya koka a Ahkamul Ƙur'an cewa bai ga alamar aiki da wannan aya a ƙasarsu ba, har sai da ya zama alƙali ya dawo da tura hakamai. Aikin da ya dogara da sa-kai yana bukatar hukumar da za ta tsaya masa.

Sauyin zamani

Dokar iyali ta Daular Usmaniyya ta 1917 ta ari ra'ayin Malikiyya a kan hakamai, Masar ma ta bi sahu a doka mai lamba 25 ta 1929. A 2000 Masar ta ba kotu ikon zartar da hul'i ko da miji bai amince ba, bayan yunƙurin sulhu da bai wuce wata uku ba. A 2004 doka mai lamba 10 ta kafa kotunan iyali da ofisoshin sasantawa, ta wajabta zuwa can kafin shigar da mafi yawan ƙararrakin iyali, ta kuma fayyace cewa ba a biyan ko sisi. Wato da gwamnati ta maye gurbin dangi, sai ta ɗauki tsadar a kanta.

A ƙasar Hausa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki gaisuwar da ake kai wa masu mulki a cikin Kitabul Farƙ, domin adalcin da ake saye ba ya isa ga talaka. Bayan zuwan Turawa, zuwa 1911 an kafa baitulmalin En'e a masarautun Arewa, aka yanka wa alƙalai albashi, kuɗin sammaci da tara suka koma shiga asusun hukuma. Duk da haka, yawancin sulhu a zaure ake yin sa, a gaban waliyyi da liman da mai unguwa, ta hanyar biko bayan yaji. Ƙaura zuwa birane ta raunana wannan zaure. Matar da iyayenta ke ƙauye mai nisa za ta biya kuɗin mota da na sammaci, ta jure ɗage zama, sau da yawa kuma sai ta zaɓi mayar da sadaki don ta huta, alhali da an bincika da miji ne za a samu da laifi. Hukumar Hisbah ta Kano, wadda doka ta kafa a 2003, ta karɓi wani kaso na wannan aiki, kuma cunkoson ofisoshinta shaida ne a kan girman giɓin.

Kammalawa

Tarihi ya nuna cewa idan aka bar tsadar sulhu a kan ma'aurata, hul'i kan zama mafita mafi araha ga kotu, mafi tsada ga mace. Ya dace alƙalanmu su farfaɗo da naɗa hakamai kamar yadda Ibnul Arabi ya yi, hukumomin zakka da waƙafi kuma su ware kaso domin zirga-zirgar masu sulhu, malamai su yi nazarin ko rabon masu bashi a zakka zai iya ɗaukar wannan. Allah ne mafi sani.