Bedlam: Yadda Sunan Asibiti Ya Koma Hayaniya a Bakin Turawa

Idan kasuwa ta rikice, ko 'yan majalisa suka kaure da ihu har aka daina jin muryar mai jagorantar zama, ɗan jaridar Ingila yakan ce wuri ya zama bedlam. Ƙamus zai ce ma'anarta hayaniya da hargitsi, ya tsaya nan. A ganina tsayawa nan rashin adalci ne, domin kalmar tana ɗauke da hukunci a kan wasu bayin Allah da ba a taɓa jin ta bakinsu ba.

Asalinta Baitalami ne, garin da aka haifi Annabi Isa (AS). A 1247 wani babba a birnin Landan, Simon FitzMary, ya ba da fili a Bishopsgate aka gina gidan masu zuhudu da sunan Maryamu ta Baitalami, don tara wa cocin can sadaka. Bakin mutanen gari ya tauna sunan har ya koma Bedlam. Binciken da aka yi a gidan a 1403 ya tarar da maza shida masu taɓin hankali, ga kuma sarƙoƙi da mari da turu. Bahaushe ba baƙon turu ba ne, ya san wanda ake sakawa a ciki.

Har zamanin Shakespeare kalmar tana nufin gidan ne ko mutanensa. A wasan Sarki Lear, Edgar ya ɓad da kama ya zama irin mabaratan da ake jingina wa Bedlam. Sai daga baya a ƙarni na 17 ma'anar ta faɗaɗa, ta kama duk inda ihu ya fi hankali yawa.

To, wa ke yin ihun? Nan ne gizo ke saƙar. Bayan an mayar da asibitin Moorfields a 1676, cikin ginin da Robert Hooke ya tsara, ƙofarsa a buɗe take ga 'yan kallo. Mutum ya jefa ɗan kuɗi a akwatin sadaka, ya shiga ya yi ta leƙen ɗakuna, wasu har da tsokanar majinyata, musamman ranakun hutu. Zanen William Hogarth da aka buga a 1735 ya nuna haka ƙarara: jarumin zanen, Tom Rakewell, yashe a ƙasa kusan tsirara, da mari a ƙafa, can baya kuma mata biyu cikin ado sun zo kashe kwarkwatar ido, ɗaya tana kare fuska da mafici. Ba a hana wannan kallo na kowa da kowa ba sai 1770.

Hana kallo bai kwance sarƙa ba. A 1814 wani mai suna Edward Wakefield ya iske James Norris, wani Ba'amurke ma'aikacin jirgin ruwa, da zoben ƙarfe a wuya haɗe da sandar ƙarfe a jikin bango, ya shafe shekaru a haka. Labarinsa ya kai gaban kwamitin majalisa a 1815. Wanda aka ɗaure haka in ya yi kururuwa, ba cutarsa kaɗai ke magana ba.

Asibitin yana nan yana aiki a kudancin Landan da sunan Bethlem, inda ya koma tun 1930. Malaman da ke koyar da Ingilishi a makarantunmu, idan kun zo kan wannan kalma, ku gaya wa ɗalibai cewa masu kallo da masu ɗauri suna da babban kaso a hayaniyar.