Tarihin Ma'aunan Matsi da Juya Su

Matsi shi ne ƙarfin da abu ke dannawa da shi a kan wani fili, kamar yadda iska ke tokare cikin taya, ko jini ke bugun bangon jijiya. Ma'aunansa sun yawaita ne domin kowace sana'a ta samo nata tun farko, ta kuma riƙe shi.

Asali

Masu aikin famfo a Italiya sun daɗe da lura cewa famfon tsotso ba ya ɗaga ruwa fiye da kimanin mita 10. A 1643 Evangelista Torricelli, almajirin Galileo, ya cika bututun gilashi da zaiba, ya toshe bakinsa da yatsa, ya kifa shi a cikin kwanon zaiba. Da ya cire yatsan, sai zaibar ta sauko ta tsaya a tsayin kusan milimita 760, ta bar saman bututun fanko. Ya ce nauyin iskar da ke kan kwanon ne ke tallafe da ita.

A 1648 Blaise Pascal ya sa mijin yayarsa, Florin Périer, ya hau dutsen Puy de Dôme a Faransa da irin wannan bututu. Yana hawa zaibar na raguwa, abin da ya tabbatar da maganar Torricelli. Tun daga lokacin ake auna matsi da tsayin zaiba. Likitoci suka ɗauki wannan hanya bayan Scipione Riva-Rocci ya fito da na'urarsa ta auna matsin jini a 1896, shi ya sa har yau awon jini na 120 bisa 80 lissafin milimitar zaiba ne.

Sauran ma'aunai

Injiniyoyin tukunyar tururi a Ingila sun yi lissafi da fam a kan kowane murabba'in inci, wato psi. Masana yanayi kuwa sun rungumi bar da milibar a farkon ƙarni na 20. A 1954 babban taron awo na duniya ya tsayar da matsin iska na ƙa'ida a kan adadin da ya yi daidai da pascal 101,325, sannan a 1971 ya amince da sunan pascal ga ƙarfin nutan ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya.

Juyawa

Bar ɗaya pascal 100,000 ne, ko kusan psi 14.5. Psi ɗaya ya kai kimanin pascal 6,895, milimitar zaiba kuwa kusan 133.3. Milibar da hektopascal abu guda ne, don haka masu hasashen yanayi suka sauya suna ba su taɓa alƙaluma ba.

Mai faci a Kano yakan busa wa tayar ƙaramar mota iska ta kai psi 32, wanda a geji mai lissafin bar zai nuna kusan 2.2. Gejin taya ba ya haɗawa da matsin iskar waje, don haka mai neman cikakken matsi sai ya ƙara kusan bar ɗaya. Wajibi ne duk wanda ya rubuta adadi ya rubuta ma'auninsa a gefe, domin kuskure a nan na iya fasa taya ko tukunyar gas.