Memori mai ƙarancin cin wuta

Memori mai ƙarancin cin wuta ma'adanar bayanai ce ta filasha da ake sa wa wayoyin hannu da kyamarori masu batir. Ko an cire batirin, abin da ke cikinta ba ya gogewa. Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba a Japan ne ya gabatar da filasha a 1984. Na farko-farko kan nemi bolt 12 wajen rubutu, na yanzu kuwa bolt 3.3 ko 1.8 ya ishe su.

A Katsina, inda masu turi ke cika katin microSD mai irin wannan memori da wa'azi da waƙoƙi, sauƙin da ƙarancin cin wutar ke kawowa ba ƙarami ba ne: mai ƙaramar waya a Ƙofar Guga yakan daɗe yana sauraro kafin ya nemi shagon caji.