Bilkisu Abdulƙadir: 'Yar Wasan da Ta Ci Shari'a Bayan An Tashi Wasa

A ƙasar Dambatta da Makoɗa da Bichi, inda gona ke jingine da gona har ciyawa ta rasa wurin zama, wasan 'yan mata yana da lokacinsa da muhallinsa: gaɗa a dandali idan farin wata ya fito, carafke a tsakar gida bayan an sauke tukunya. Ƙwallon kwando kuwa, yawanci a talabijin ko a waya ake ganinsa. Duk da haka, akwai wata 'yar wasa a Amurka wadda tarihinta ya shafi kowace yarinya mai lulluɓi da ta taɓa sha'awar riƙe ƙwallo, ko a birni take ko a ƙauye. Sunanta Bilkisu Abdulƙadir, wanda a can suke rubuta shi Bilqis Abdul-Qaadir.

An haife ta ranar 11 ga Nuwamba, 1990, a garin Springfield na jihar Massachusetts, kuma wannan gari shi ne mahaifar wasan kansa. A nan ne wani malamin motsa jiki ɗan asalin Kanada, James Naismith, ya rataye kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace a watan Disamba na 1891, ya tsara dokoki 13, don ɗalibansa su sami abin yi a cikin ɗaki lokacin da sanyi ya hana fita. Shekara ɗaya bayan haka wata malama, Senda Berenson, ta kai wasan kwalejin mata ta Smith, wadda ba ta da nisa da Springfield. Akwai abin lura a nan wanda ya kamata mai karatu ya riƙe. 'Yan matan da suka fara buga wannan wasa a rufe suke ruf, da dogon hannu da doguwar safa, kuma a wasan da suka yi a 1893 an hana maza shiga kallo. Wato dai suturta jiki ba baƙo ba ne a ƙwallon kwandon mata. Da shi aka yanke masa cibiya. Sai da zamani ya juya aka wayi gari mai rufe kanta ce ake tuhuma.

Bilkisu ta tashi a gidan Musulmi baƙaƙen fata, kuma tun tana ƙarama take bin yayyenta maza filin wasa. Ba ta da tsawon da ake nema a wannan fage, domin ba ta wuce mita 1.63 ba, alhali kwandon yana rataye a mita 3.05 daga ƙasa. Abin da ta rasa a tsawo sai ta rama da sauri da iya sarrafa ƙwallo da kaifin hankali. Matsayinta a fili shi ne na mai jan ragama, wadda ke ɗauko ƙwallo daga baya, ta karanci yadda abokan hamayya suka tsaya, ta yanke shawara cikin ƙiftawar ido ko ta miƙa ko ta kutsa da kanta. Irin wannan gurbi ba a ba wa mai rawar jiki. Da ta balaga ta fara sa hijabi, kuma ta shiga da shi fili, hannu da ƙafa a rufe. Ta sha gori da baƙar magana daga 'yan kallo, musamman da yake shekarun da suka biyo bayan harin 11 ga Satumba, 2001 ne, lokacin da ɗankwalin Musulma ya zama abin nuni da yatsa a Amurka.

Amsar da ta ba su a allon maki take. A shekarar 2009 ta kammala sakandare ta New Leadership da maki 3,070, adadin da babu wani ɗalibi, namiji ko mace, da ya taɓa kaiwa a tarihin jihar. Wadda ta riƙe kambin kafin ita, Rebecca Lobo, ba ƙaramar 'yar wasa ba ce: ta ci kofin jami'o'in Amurka a 1995, ta kuma ci zinare a gasar Olamfik ta 1996. A watan Ramadan na wannan shekara ta 2009 Shugaba Barack Obama ya gayyaci Bilkisu buɗa-baki a fadarsa, ya ambaci sunanta a gaban jama'a.

Domin a fahimci abin da ya biyo baya, sai an san yadda wasan jami'a yake a Amurka. Tun daga 1972, da aka kafa dokar da ta haramta nuna wa mata bambanci a makarantun da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya, jami'o'i suka shiga ba 'yan mata guraben karatu kyauta saboda ƙwarewarsu a wasanni. Hukumar NCAA ce ke kula da gasar, kuma a ƙa'idarta ɗalibi yana da kakar wasa huɗu. Ta wannan ƙofa Bilkisu ta shiga Jami'ar Memphis. Sai dai tun kafin ta buga wasa ko ɗaya jijiyar gwiwarta ta tsinke, raunin da kan ci kusan shekara kafin a warke, wasu kuma ba sa komawa yadda suke. Ta koma. Daga 2010 zuwa 2013 ta yi wa Memphis wasa, kuma ita ake lissafawa a matsayin mace ta farko da ta buga babban rukunin gasar jami'o'in Amurka sanye da hijabi. Ta kammala digiri a fannin kimiyyar motsa jiki da sakamako mai daraja, sannan ta yi amfani da kakar da ta rage mata a Jami'ar Jihar Indiana, inda ƙungiyarta ta raba matsayi na ɗaya a rukuninsu a 2014.

Ga al'ada, 'yar wasa irinta daga nan sai ta shiga neman abinci da hannunta. Gasar ƙwararru ta mata a Amurka, WNBA, ƙungiyoyi 12 kacal gare ta a lokacin, don haka mafi yawan 'yan wasa Turai suke nufa. A Turai kuwa dokar hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ake bi, kuma sashe na 4.4.2 na dokar ya hana sa wani abu a ka idan ya wuce ɗan madauri mai faɗin santimita 5. Hujjar hukumar ita ce kiyaye lafiyar 'yan wasa. A ganina wannan hujja ba ta da ƙafar tsayawa, domin ga yarinya ta shafe shekaru tana gogayya da manyan 'yan wasa cikin hijabi, ba a ji ya shaƙe ta ba, ba a ji ya raunata kowa ba. Doka ce da aka rubuta ba tare da an tuna da irin su Bilkisu ba, da suka bayyana kuma sai aka ga ya fi sauƙi a kare dokar da a gyara ta.

A nan ne halinta ya fito fili. Ita da bakinta ta sha faɗa a hirarraki cewa wannan lokaci ya girgiza ta, har ta yi tunanin cire hijabin na tsawon mintuna arba'in ɗin wasa ta mayar bayan an tashi. Wannan furuci ya fi ƙara mata daraja a idona a kan a ce ba ta taɓa raurawa ba, domin wanda bai ji yunwa ba ba a yaba masa azumi. Yarinya ce da tun tana ƙarama ba a san ta da komai ba sai ƙwallo. Da aka karɓe shi sai ta tsaya tana tambayar kanta ko ita wace ce. Daga ƙarshe ta zaɓi hijabin. Ba ta da hayaniya, ba ta kuma zama mai zagin hukuma a kafafen sadarwa ba. Ta koma karatun digiri na biyu a fannin horar da 'yan wasa, ta kafa wani gangami mai suna Muslim Girls Hoop Too, ma'ana 'yan mata Musulmi ma suna jefa ƙwallo a kwando, ta shiga yawon makarantu da masallatai tana koyarwa tana jawabi.

Ba ita kaɗai dokar ta cije ba. A watan Yuli na 2014, a wata gasar Asiya da aka yi a Wuhan ta ƙasar Sin, an tilasta wa 'yan wasan Indiya biyu mabiya addinin Sikh su kwance rawunansu kafin su shiga fili. A watan Satumba kuma 'yan matan Ƙatar suka janye daga Wasannin Asiya a Incheon ta Koriya ta Kudu, da aka ce sai sun buɗe kai. Abin ya ƙara muni ganin cewa a watan Maris na wannan shekara masu tsara dokokin ƙwallon ƙafa sun riga sun halatta rufe kai. Bilkisu da wata 'yar wasa 'yar asalin Bosniya, Indira Kaljo, da wasu 'yan'uwansu suka ɗauki koke a intanet wanda ya tara sa hannun mutane fiye da 100,000. FIBA ta yi ta jan ƙafa da sunan gwaji, har zuwa watan Mayu na 2017, lokacin da babban taronta a Hong Kong ya amince da sauya dokar. Sabuwar ƙa'ida ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba, 2017, bisa sharaɗin kada lulluɓin ya rufe fuska, kuma kada ya ƙunshi abin da zai ji wa wani ciwo.

A ranar Bilkisu tana da shekara 26. Ga wanda bai san wasanni ba, wannan ƙuruciya ce. Ga 'yar wasa kuwa, shekara uku ba tare da gasa ba a daidai ganiyarta asara ce da ba a mayarwa. Ƙofar ta buɗe, amma ba ta shiga ba. Ta yi aure, ta ci gaba da horar da yara, daga baya ta koma garin London na lardin Ontario a Kanada tare da mijinta, suna koyar da wasan. An yi fim na gaskiya a kan rayuwarta mai suna Life Without Basketball, wato rayuwa ba ƙwallon kwando. Ita ce ta shuka dabino, wasu za su sha inuwa.

Mu a nan gida ba baƙin wasan ba ne. Zariya ta daɗe da zama makarantarsa, a ƙarƙashin koci Oliver Johnson na Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a can Masai Ujiri ya tashi, wanda ya jagoranci ƙungiyar Toronto Raptors har ta ci kofin NBA a 2019. Kano Pillars ta maza ta sha ɗaukar kofin ƙasa. Ƙungiyar mata ta Nijeriya, D'Tigress, ta ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma a Olamfik ta 2024 ta zama ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe. Yawancin 'yan wasanta ta jami'o'in Amurka suka biyo. A cikinsu an yi A'isha Mohammed Balarabe, wadda ta yi wa Jami'ar Virginia wasa. Tun daga 2017 babu wata dokar duniya da za ta hana 'yar Kunchi ko 'yar Tsanyawa sa wannan riga da hijabinta. Abin da ya rage mata shi ne fili da malama da yardar iyaye. Filin ma mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na hekta ba. Ko a ƙasar da ake rigima a kan kunya ɗaya ta gona, harabar makarantar 'yan mata mai katanga ba ta rasa wannan.

Shari'ar kuma ba ta ƙare ko'ina ba. A ƙarshen 2022 hukumar ƙwallon kwando ta Faransa ta hana sa alamar addini a gasanninta na cikin gida. Diaba Konate, haifaffiyar Faris wadda ta yi fice da hijabinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, ta koma garinsu a shekarar da ya karɓi baƙuncin Olamfik, ta tarar ba ta da izinin buga gasa a ƙasar da aka haife ta.