Daga Huhun Goro zuwa Leda: Tarihin Ƙunshi a Zangunan Ankara

Ɗalibin da ya ci karo da kalmar "huhu" a tsohon rubutu, ya sani cewa ƙunshin goro ake nufi. A ƙarni na 19, fataken Gwanja kan sayi goro a kasuwar Salaga, su shimfiɗa ganyen fita, su jera goron, su ɗaure tamau. Tafiya zuwa Kano ta watanni ce, don haka a hanya sai an riƙa kwance huhu, a tsince wanda sankara ta kama, a yayyafa ruwa, a sauya ganye. Ba hukumar da ta shar'anta haka, asara ce ke horon wanda ya yi sake.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, da yaƙin basasar Salaga na 1892, ciniki ya karkata kudu, Hausawa suka ƙaru a Ankara. Ganye bai bar hannunsu ba. Shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi, wadda mutanen Gana ke kira "waakye" (daga kalmarmu "wake"), a ganye ake ƙunshe ta a Nima da Mamobi.

Sai leda ta zo, wadda a zango ake ce wa roba. Tana da arha, ba ta yoyo, kuma ba ta ruɓewa. Wannan na ƙarshe shi ne aibinta. Unguwar Alajo tana bakin kogin Odaw, kuma duk ledar da aka yar a kwatami can take taruwa. Ranar 3 ga Yuni, 2015, ruwa ya ci tsakiyar birnin, gobara ta tashi a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, fiye da mutum 150 suka rasu. Toshewar magudanai na cikin abubuwan da aka ɗora wa alhaki.

A 2013 an sanya harajin kashi 10 cikin 100 a kan kayan roba. Bayan ambaliyar gwamnati ta sanar da haramta leda mafi siranta, amma ba a ga ta ɓace daga kasuwa ba, saɓanin Ruwanda wadda ta hana tun 2008 kuma ta tsaya a kan bakarta. A ganina matsalar ba ta ƙarancin doka ba ce. Har yau wasu masu waakye na riƙe da ganye, sai dai sau da yawa cikin baƙar leda ake miƙo ƙunshin.